Me Ya Sa Ranar Kawo Jirgi Take Matsawa a Wasan Kamfanin Jiragen Sama?

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wurin tela ana saura mako uku sallah ya san cewa ranar da aka ce masa ya dawo ba a hannun tela kaɗai take ba. Akwai shaddoji da yadudduka da suka riga nasa zuwa, akwai wutar lantarki, akwai mai aikin wuya da sai ya gama nasa kafin a haɗa riga. Idan wani ya fasa ya zo ya ɗauke yadinsa, naka ya matso. Idan keke ɗaya ya lalace, kowa ya ja baya. Tela bai yi ƙarya ba ranar da ya ce maka Talata. Lissafin da ya yi a lokacin ne ya ba shi Talata.

Na fara da tela ne domin ƙorafin da ya fi yawa a bakin masu buga wasannin kwamfuta na tafiyar da kamfanin jiragen sama irin wannan ne. Mutum ya yi odar sababbin jirage, allo ya nuna masa cewa na farko zai iso a watan Maris, ya shirya komai a kan haka. Washegari ya buɗe wasan ya tarar ranar ta koma Mayu, ko kuma ta dawo Janairu. Sai ya ce wasan ya lalace, ko masu shi suna yi masa coge. A mafi yawan lokuta ba ko ɗaya daga ciki. Wasan yana yin abin da aka gina shi ya yi ne, kuma a wannan wuri ya fi kusa da gaskiyar sana'ar fiye da ko'ina.

Irin waɗannan wasanni sun daɗe. Kamfanin Koei na Japan ya fitar da Aerobiz tun 1992, Jamusawa suka yi Airline Tycoon a 1998. Amma waɗanda maganarmu ta fi shafa su ne na intanet, irin su AirwaySim da aka ƙirƙira a Finland da AirlineSim na Jamus, inda ɗaruruwan mutane ke cikin duniya guda. Kowa da kamfaninsa, kowa yana neman fasinja, yana ɗaukar ma'aikata, yana sayen mai, yana cin bashi. Abin da sabon ɗan wasa kan manta shi ne cewa su duka daga masana'anta ɗaya suke sayen jirgi. Ba kai kaɗai ne a shagon telan ba.

To, me mutum yake saya idan ya danna oda? Ba jirgi ba ne tukuna, domin jirgin ko ƙusa ɗaya ba a ɗaura masa ba. Gurbi yake saya a layin ƙira. Kowane samfurin jirgi yana da adadin da masana'anta ke iya fitarwa a wata, kuma ranar da allo ke nunawa amsar lissafi ce: jirage nawa ne a gabanka, nawa ake fitarwa a wata. A ce akwai jirgi 120 a gabanka, layin yana fitar da 10 a wata. Naka zai fito bayan wata 12. Idan masana'anta ta ƙara wuta ta koma 12 a wata, sai ya fito bayan wata 10. Idan ta sauka zuwa 8, sai ka jira wata 15. Ba wanda ya taɓa odarka, ba wanda ya tsallake ka, amma tsakanin wannan da wancan akwai wata biyar. Kuma lura da wani abu: na bakin layi da kyar zai ji canjin, na can ƙarshe shi ne ke shan duka. Shi ya sa wanda ya yi odar jirgi 30 zai ga biyun farko ba su motsa ba, amma na ƙarshe sun gusa da rabin shekara, har ya ɗauka akwai kuskure a wani wuri.

Me ke sa saurin layin ya canja? A wasannin da suka ɗauki abin da muhimmanci, buƙata ce. Idan oda ta yi yawa a kan samfuri ɗaya, masana'anta na ƙara adadi, amma a hankali, ba dare ɗaya ba. Idan kasuwar samfurin ta mutu, sai a rage, daga ƙarshe a rufe layin. Wannan ba ƙirƙirar masu wasa ba ce. A duniyar gaske kamfanin Airbus ya daɗe yana neman kai ƙirar jiragen dangin A320 zuwa 75 a wata, ya sa lokaci, ya ɗaga, har a 2024 ya mayar da burin zuwa 2027. A wannan shekarar ta 2024 jirgi 766 ya miƙa wa masu su, alhali odar da ke jiransa ta haura 8,600. Raba wannan da wancan, ka sami aikin fiye da shekara 11. Lokacin da kamfanin IndiGo na Indiya ya yi odar jirgi 500 a watan Yunin 2023, tun a takarda an rubuta cewa za a kawo su ne tsakanin 2030 da 2035. A layi mai irin wannan tsawo, ƙarin jirgi biyu ko ragin biyu a wata yana nufin watanni ga na baya.

Sai kuma sauran 'yan wasa, waɗanda a ganina su ne dalilin da aka fi rainawa. A duniyar wasa kamfanoni na karyewa kullum. Wani ya ci bashin da ya fi ƙarfinsa, wani ya gaji ya bar wasan, wani ya soke oda domin ya hango samfurin da ya fi. Duk wanda ya fita, gurabensa sun zama fanko. Daga nan ya danganta da yadda aka gina wasan: wani yakan matso da kowa gaba, wani yakan bar guraben a buɗe ga wanda ya fara gani. Faɗuwar wani tashin wani. Haka ya faru a 2022, bayan Rasha ta shiga Yukren aka ƙaƙaba mata takunkumi. Jiragen A350 da aka riga aka ƙera ko ake ƙerawa don kamfanin Aeroflot na Rasha ba su da hanyar isa Mosko, sai Turkish Airlines ya karɓi wasu, Air India ya karɓi shida. Waɗannan kamfanoni sun sami jirage da wuri ƙwarai, ba don sun riga kowa shiga layi ba. A bakin mutanen sana'ar, jirgin da aka gama amma mai shi ya fasa ana kiransa mai farar jela, domin ba tambarin kowa a wutsiyarsa.

Akwai wani nau'in matsawa da ya sha bamban da duk waɗannan, wato na jirgin da ba a taɓa ƙera irinsa ba. Wasanni da yawa suna barin mutum ya yi odar sabon samfuri tun yana kan takarda, sau da yawa da ragin farashi don jawo masu saye na farko. Ranar da ake nunawa a nan hasashe ce kan hasashe, domin layin kansa bai fara motsi ba, jirgin bai tashi ba, hukuma ba ta ba shi izinin ɗaukar fasinja ba. Ɗan wasan da ya ji haushi don an ɗaga masa wata uku ya dubi tarihi. Kamfanin ANA na Japan ya yi odar Boeing 787 guda 50 a 2004, a kan za a fara kawowa a watan Mayun 2008. An fito da jirgin gaban jama'a ranar 8 ga Yulin 2007, amma cikinsa bai kammala ba, har ƙusoshin da aka ɗaure wasu sassa da su na wucin gadi ne saboda ƙarancin na ainihi. Bai tashi ba sai Disambar 2009, ANA bai karɓi na farko ba sai Satumbar 2011. Fiye da shekara uku ke nan.

Labarin A380 na Airbus ya fi ba ni mamaki, domin abin da ya tsayar da jirgin fasinja mafi girma a duniya waya ce. Akwai kimanin kilomita 500 na wayoyin lantarki a cikinsa. Injiniyoyin Hamburg a Jamus da na Toulouse a Faransa suna zane da manhaja iri ɗaya, amma wasu da tsohon zubi wasu da sabo. Da aka zo shimfiɗa wayoyin a jikin jirgi sai aka tarar ba su kai inda ya kamata su kai ba. Singapore Airlines bai karɓi na farko ba sai Oktobar 2007, bayan jinkirin fiye da shekara ɗaya da rabi. Shi kuwa Boeing 777X da aka ƙaddamar a Dubai a 2013, aka ce za a fara miƙa shi a 2020, an yi ta ɗagawa har a Oktobar 2025 kamfanin ya ce sai 2027. Emirates da ya yi odar 150 tun ranar farko ya koma yana kashe biliyoyin daloli yana sabunta cikin tsofaffin jiragensa domin su ci gaba da aiki.

Wani lokaci kuma laifin na ɗan wasan ne, ko da yake ba ya son ji. Oda tana tafiya da kafin alƙalami, ragowar kuɗin kuma ana biya ranar karɓa. Idan ranar ta zo asusu ba komai, masana'anta ba ta sakin jirgi. Wani wasan zai ɗaga ranar, wani ya soke odar ya riƙe abin da aka bayar. Akwai kuma wasannin da ke ƙayyade jirage nawa kamfani ɗaya zai iya karɓa a wata, domin kada mai kuɗi ya kwashe layin baki ɗaya, don haka ƙarin oda a kan ta farko na iya sake jera ranakun. Kafin mutum ya zargi wasa, ya fara duba asusunsa da abin da shi kansa ya taɓa a odar.

A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya: duk yadda wasan ya matsa wa mutum, ya fi duniyar gaske sauƙin hali. Wasa yana ɗaukar masana'anta a matsayin rumfa guda, alhali jirgi haɗakar aikin ƙasashe ne. Fukafukan yawancin jiragen Airbus a Broughton na Birtaniya ake yin su, a ɗauko su zuwa inda za a haɗa. Gangar Boeing 737 a Wichita ake ƙera ta, a ɗora a jirgin ƙasa har Renton kusa da Seattle. A watan Yulin 2014 jirgin ƙasa ya kauce hanya a jihar Montana, gangar jirage uku suka gangara bakin kogi. Inji kuwa na wasu kamfanoni ne dabam. An sha ganin jiragen Airbus da dama a fake a Toulouse da Hamburg, an gama komai har da fenti, amma ba inji a ƙarƙashin fiffike. A Yulin 2023 kamfanin Pratt & Whitney ya sanar da cewa garin ƙarfen da aka yi wasu sassan injinsa da shi yana da gurɓata, sai aka ciro injuna don bincike, ɗaruruwan jirage suka zauna a ƙasa. Sannan ga ma'aikata: a Satumbar 2024 kimanin leburorin Boeing 33,000 suka tafi yajin aiki na mako bakwai, layin 737 ya tsaya cik.

Akwai kuma dalilin da bai kamata a ambace shi da wasa a baki ba. Ranar 29 ga Oktobar 2018 jirgin Lion Air samfurin 737 MAX ya faɗa teku a Indonesiya da mutum 189. Ranar 10 ga Maris 2019 na Ethiopian Airlines ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Addis Ababa da mutum 157. Rai 346. Aka dakatar da samfurin a duk duniya, hukumar sufurin sama ta Amurka ba ta sake shi ba sai Nuwambar 2020. Bayan wani marfin ƙofa ya ɓalle daga jirgin Alaska Airlines yana sama a Janairun 2024, hukumar ta ƙayyade wa Boeing kada ya wuce 38 a wata, ba ta sassauta zuwa 42 ba sai Oktobar 2025. A 2018 Boeing ya miƙa jirgi 806, a 2024 kuwa 348. Irin wannan jinkirin, wanda hukuma ke sawa don a tabbatar jirgi lafiya yake, ni ina goyon bayansa ko da zai kai shekara nawa. Na kuma gamsu da wasannin da suka zaɓi kada su saka haɗari da mutuwar fasinja cikin lissafinsu.

Me ya sa matsawar take da zafi haka, tun da jirgin dai zai zo? Domin jirgi ba shi kaɗai yake zuwa ba. Kafin ya iso an ɗauki matuƙa an horar da su, an sayi gurbin sauka da tashi a filayen jirgi, an tsara jadawali, an yi talla. Duk waɗannan suna cin kuɗi ko jirgi ya zo ko bai zo ba. A 2024 Ryanair yana sa ran jirgi 57 kafin ƙarshen Yuni, Boeing ya ce 40 kaɗai zai samu, dole ya rage zirga-zirgar lokacin da ya fi cin kasuwa. A shekarar dai United Airlines ya roƙi matuƙansa su ɗauki hutu ba albashi, domin an ɗauke su aiki don jiragen da ba su iso ba. A cikin wasa abin ya fi sauri, musamman inda kwana guda na wasa bai kai sa'a guda ta agogonmu ba. Mutum ya kwanta barci ya tashi, makonni sun wuce, albashin ma'aikatan da ba su da jirgin tuƙawa ya cinye ribar wata.

Abin da mutane ba su cika tsammani ba shi ne cewa zuwan jirgi da wuri ma yana iya karya kamfani. Ka shirya biyan kuɗi a Yuni, jirgin ya iso a Maris, asusu bai cika ba. Ko kuwa kuɗin ya fita, amma ba matuƙa, ba gurbin sauka, ba jadawali, jirgi yana fake yana cin inshora da kuɗin haya. Ƙaramin kamfani da ke lallaɓawa daga wata zuwa wata ya fi tsoron wannan fiye da jinkiri.

Akwai masu cewa tun da wasa ne, a tsayar da ranar kawai, alƙawari kaya ne. Na fahimci hujjarsu. Mutum yana da aiki da iyali, ba zai tsare allo dare da rana ba, kuma ba daidai ba ne a hukunta shi kan abin da ya faru yana barci. Amma ban yarda da maganin da suka kawo ba. Idan aka daskarar da ranaku, an cire abin da ke haɗa 'yan wasa da juna a kasuwar jirage. Karyewar abokin hamayyarka ba za ta buɗe maka komai ba, rububin da kowa ke yi kan samfuri ɗaya ba zai sa wani ya yi tunanin ɗaukar wanda ba a so ba. Wannan zaɓin, tsakanin jirgin da ya fi kyau amma sai bayan shekara huɗu da wanda bai kai shi ba amma yana hannu bana, shi ne zuciyar sana'ar.

Inda nake ganin masu ƙorafi suna da gaskiya shi ne wajen sanarwa. Babu uzuri ga wasan da zai canja rana a ɓoye ya bar mutum ya gano da kansa. A kwangilar gaske masana'anta na sanar da mai saye, kuma an rarrabe jinkirin da ke da uzuri da wanda ba shi da shi, akwai diyya, akwai damar soke oda idan jinkiri ya yi tsawo, galibi idan ya wuce shekara. Wasa ma zai iya yin haka cikin sauƙi: saƙo guda da ke cewa jirginka ya matsa daga wata kaza zuwa wata kaza, ga dalili. Zai fi kyau ma a nuna watanni biyu ko uku da ake sa ran jirgi a cikinsu maimakon rana guda, a ƙara matse su yayin da lokaci ke ƙaratowa, a kulle ranar idan ya rage 'yan makonni. Idan kuma za a matso da jirgi gaba, a tambayi mai shi ko ya shirya. Rabin haushin da ake ji daga lambar nan guda ɗaya yake fitowa, wadda ke tsaye a allo kamar an yi rantsuwa a kanta.

Mai karatu a Najeriya ba baƙo ba ne ga wannan lissafi. Air Peace ya sa hannu kan odar 737 MAX guda 10 a Satumbar 2018, watanni kaɗan kafin a dakatar da samfurin. Jiragen Embraer E195-E2 da ya yi oda a 2019 kuwa na farkonsu ya iso a Janairun 2021. Ibom Air ya yi odar A220 guda 10 a Nuwambar 2021, ya karɓi na farko shekara biyu bayan nan. Shi ya sa yawancin kamfanoninmu, har da masu jigilar alhazai daga Kano da Katsina, suka dogara da jirage na hannu da na haya. Aikin hajji ba ya jiran layin masana'anta. Jirgi na hannu ya fi shan mai, ya fi neman gyara, amma ana ganinsa da ido kafin a biya.

Ga mai buga wasan, abin yi ba shi da yawa. Kafin ka yi oda, dubi tsawon layin da yawan abin da yake fitarwa, ka yi lissafin da kanka, ka kuma tambayi kanka yadda za ka kasance idan adadin ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar. Kada ka sallami tsohon jirgi ko ka bar hayarsa ta ƙare daidai ranar da ake sa ran sabo. Bar watanni a tsakani. Ajiye kuɗin karɓa tun kafin lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Idan samfurin bai taɓa tashi ba, ɗauki ranar da aka ba ka a matsayin mafi kusa da zai iya zuwa, ka nemi na haya da zai riƙe maka hanya. Sannan ka riƙa leƙa layin lokaci-lokaci, musamman idan ka ji wani babban kamfani ya durƙushe, domin gurabensa ba sa daɗewa a buɗe.